Jan Layi a Gadar Masu Wanki

Klaudiya ta mutu ranar Talata, sha ɗaya ga Yuli, da ƙarfe ɗaya saura kwata na rana, a bayan wani mutum da ke gudu da ita a ƙafa, domin babur ɗin da ya ɗauko ta ya kashe kansa a kan gada.

Mijinta, Malam Natana'el, yana wurin. Shekara talatin da biyar ya yi yana koyar da labarin ƙasa a sakandare kafin ya yi ritaya, don haka ko a ranar bai iya hana kansa lura da nisa da lokaci ba. Daga gadar zuwa ƙofar asibiti taku ɗari takwas da sha ɗaya ne. Daga baya ya koma ya ƙirga, sau huɗu.

Babur ɗin na kamfanin Zirga ne, masu kai saƙo da kaya a cikin Jos. Baburansu ba irin na da ba ne. Kowanne akwai wata na'ura a ƙarƙashin kujerarsa da ke magana da ofis dare da rana: ina yake, gudun nawa yake yi, mai nawa ya sha. Daga ofis kuma ana iya kashe shi. A kwamfutar kamfanin an raba garin gida biyu, kore da ja. Babur ya yi yawonsa a kore yadda ya ga dama. Da ya taka ja sai injin ya mutu, ƙafar baya ta kulle, jiniya ta tashi. Masu tuƙin suna kiran abin durƙuso.

Badruddeen ne ke tuƙa wannan. Mutumin Dilimi ne, ɗan shekara arba'in da 'yan kai, tsohon ɗan acaɓa mai 'ya'ya huɗu. Kullum da yamma a ofis yake ajiye babur ya taka zuwa gida, don gidansa a cikin ja yake. Sau uku a mako yana zuwa Anguwan Rukuba ya ɗauki cincin da Klaudiya ke soyawa ya rarraba a shaguna, ita kuma ba ta taɓa barinsa ya tafi ba tare da ta ƙulla wa yaransa na leda ɗaya ba.

Ran nan ya zo ya tarar asma ta kama ta a bakin risho. Maganin shaƙa ya ƙare, ana tsuga ruwa, babu keken haya ko ɗaya a layin. Bai tsaya tambaya ba, ya kwance akwatin kaya ya jefar a tsakar gida, suka sa ta a tsakiya, Malam Natana'el ya riƙe ta ta baya. A babban titi wata motar dankali ta kife ta toshe hanya. Saura hanya ɗaya, ta cikin Dilimi, ta wata ƙaramar gada da ake kira Gadar Masu Wanki. Badruddeen ya kira ofis da hannu ɗaya yana tuƙi.

"Firisila, don Allah ku buɗe min ja minti biyar. Mama ce ba lafiya, numfashi ne."

Firisila, mai amsa waya a ofis, ta ce sai Oga ya sa hannu, kuma Oga yana taro. Ta ce za ta leƙa ta gaya masa. Badruddeen ya yarda za a buɗe, ya murɗa.

A tsakiyar gadar babur ya durƙusa. Klaudiya ta ɗaga kai da ƙyar, ta dubi ruwan da ke gudu a ƙasa, ta dubi shagunan da ke ƙetare, ta gane wurin.

"Baban Dina," in ji ta, "ai nan ba a bi."

Maganarta ta ƙarshe ke nan. Badruddeen ya goya ta ya kama gudu, tsohon yana bin su a baya, jiniyar babur tana ta ihu a kan gada ba kowa a kai.

Kwana uku bayan an binne ta Oga ya zo gaisuwa. Sunansa Hyginus, kuma tsohon ɗalibin Malam Natana'el ne, yaron da ke zama a kujerar gaba yana ɗaga hannu tun kafin a gama tambaya. Ya zo da katan ɗin lemo da wata farar ambulan. Ya rusuna sosai, ya ce Mama uwa ce a gare shi. Sannan ya rage murya.

"Sa, na bincika da kaina. Na'ura ba ta yi kuskure ba, aikinta ta yi. Mutum ne ya yi kuskure, kuma mun sallame shi."

"Kun sallami wa?"

"Direban, Sa. Ya ɗauki fasinja, ya cire akwati, ya shiga ja. Laifi uku."

Malam Natana'el ya dube shi. Ya ce, "Ka mance na huɗu. Ya bar babur ɗinku a cikin ruwan sama."

Hyginus ya gyaɗa kai da gaske, kamar zai rubuta.

Dina, 'yarsu ɗaya, ta so ta tafi da uban Abuja. Ya ƙi. Matan zumunta na coci suka yi wata guda suna kawo masa gwate, suna tabbatar masa cewa Klaudiya tana wuri mafi kyau. Yakan yi godiya. A ransa kuwa yakan ce wurin da ya so ta kai ba shi da nisa haka, taku ɗari takwas da sha ɗaya ne. Littattafan da suka cika ɗakinsa, waɗanda ta sha yi musu barazana da wuta, ya buɗe su ɗaya bayan ɗaya ya rufe. Duk masu hikimar da ke ciki sun ba shi shawarar haƙuri, kuma babu ɗayansu da aka taɓa kashe wa babur daga ofis.

Abu ɗaya yake so. Yana so ya ga Hyginus tsaye a kan gadar nan, injin a mace, waya a kunne, ana gaya masa ya jira.

Da yake abin da ya iya ke nan, sai ya fara da taswira. Kamfanin ba ya nuna wa kowa iyakar ja, amma masu tuƙi sun san ta da gwiwoyinsu. Ya riƙa bin su inda suke shan shayi yana tambaya: kai a ina ka taɓa durƙusawa? Wannan ya ce gaban injin niƙa, wancan ya ce bayan masallacin 'yan katako, wani ya ce daidai wurin mai gyaran rediyo. Sai ya je wurin da ƙafarsa, ya auna, ya ɗiga jan biro a takarda. Wata biyu yana wannan aiki, takalminsa ɗaya ya mutu a ciki.

Ranar da ya haɗa ɗige-ɗigen da layi, da hantsi, a teburin cin abinci, hannunsa ya tsaya kafin ya gama. Layin yana bin rafi lafiya lau, yadda duk mai hankali zai ja shi, sai daidai Gadar Masu Wanki ya bar rafin ya kumburo waje kamar babban yatsa, ya haɗiye gadar da shaguna shida, ya koma. Babu dalilin wannan kumburi a ƙasa. Ba tudu, ba kwari, ba komai.

Ya san yatsan nan. Ya tashi ya jawo akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado, ya tono wata takarda da ta yi shekara goma sha uku a ninke. Ya ɗora sabuwar a kanta ya ɗaga su wajen taga. Layi ya hau layi.

A shekarar da gari ya rikice, dattawan coci sun roƙe shi, a matsayinsa na malamin taswira, ya zana musu inda jama'a za su bi da inda za su kauce wa. Ya zana. Aka buga hatimi, aka yi kwafi ɗari-ɗari, aka raba bayan sujada. Yawancin layin tsoro ne ya ja shi, kuma a lokacin kowa a tsorace yake, a kowane ɓangare. Amma yatsan nan ba tsoron gari ba ne. Klaudiya tana da ƙawa a ƙetaren gadar, Taibat, Bayarabiya mai ɗinki, tun suna 'yan mata. Kowace Alhamis sai ta je, ko gari na ci da wuta. Ya hana, ta ce shi ba fasto ba ne. Ya yi fushi, ta zuba masa abinci ta ɗauki jakarta. Ba ta jin maganar miji, amma tana jin maganar takarda mai hatimin coci. Saboda haka ya karkata biro kaɗan. Ba a taɓa ko marin wani a kan gadar nan ba. Klaudiya ta ga takarda, ta yi kuka, ta daina zuwa. Gari ya lafa, shekaru suka wuce, ba ta koma ba, shi kuma bai ce komai ba don abincin rana na Alhamis ya daina makara.

Wani mutumin da ya gano haka zai sauke fushinsa ya koma ɗaki. Malam Natana'el ya ga kawai masu laifin sun zama biyu, kuma duka biyun yana da adireshinsu.

Washegari ya sa kwat ya tafi ofishin Zirga. Hyginus ya tarbe shi da murna, ya zaunar da shi gaban wani allo mai faɗin ƙofa inda ƙananan ɗige ke rarrafe a kan Jos kamar tururuwa. A bango akwai zane mai layi yana hawa sama.

"Sa, ka zo a daidai. Da babur goma sha biyu muka fara, yanzu ɗari da tamanin. Masu ƙera babur na Indiya da na Sin da na Japan duk tsere suke yi, kowa na so nasa ya fi iya magana da ofis. Nan gaba babur da ba ya haɗe da waya sai a gidan tarihi. Wata mai zuwa baƙi za su zo, ɗaya daga masana'antar da ke ƙera mana baburan, ɗaya daga masu yin na'urar, da wata Madam Adaku daga Legas, wakiliyar masu zuba jari. In suka gamsu, babur dubu, Sa. Dubu."

"Madalla. Wa ya ja maka jan layin?"

Hyginus ya yi dariya, ya buɗe aljihun tebur ya zaro kwafin tsohuwar takardar, an lulluɓe ta da roba.

"A cikin Littafi Mai Tsarki na mahaifiyata na same ta. Na ce wa zai fi Malam sanin garin nan? Ko ɗigo ban canza ba."

"Takardar shekara goma sha uku."

"Ƙasa ba ta tafiya, Sa. Kai ka koya mana." Ya juya takardar ya sa yatsa a ƙasanta. "Na ji kana yawo kana tambayar yarana. Ban hana ba. Amma in wani ya kai maganar nan gidan rediyo, dole mu faɗi inda muka samo layin. Ga sunanka, ga sa hannunka. Ba na so mutanen Dilimi su san gidanka, Sa. Don kai nake faɗa."

Malam Natana'el ya sunkuyar da kai kamar wanda aka karya. Ya yi shekaru yana kallon yara suna yin wannan fuskar, ya iya ta.

"Ka yi gaskiya, ɗana. Tsufa ne da kaɗaici. Ka ba ni wani aiki in rage zama. Baƙin nan naka, za ka zagaya da su gari?"

"A kan baburan, Sa. Jerin gwano, har mun karɓi izini. Daga nan zuwa otal."

"Ta babban titi? Su ga ramuka da cunkoso? Bari in tsara maka hanya, su ga duwatsu, su ga kasuwa, su ga Jos ta ainihi."

Bayan kwana biyu ya kawo hanyar a rubuce da hannu. Bai sa sunan titi ko ɗaya irin na kwamfuta ba. Ya rubuta ta yadda mutanen gari ke kwatance: a bi ta bayan injin niƙa, a sauka gangaren 'yan tumatir, a bar mai gyaran rediyo a hannun hagu, a haye Gadar Masu Wanki. Hyginus haifaffen Jos ne, a Kabong ya girma, amma yana cikin yaran da suka tashi da takardar nan a gida. Rabin garinsu bai taɓa taka shi ba. A allonsa gadar ba ta da suna, lamba gare ta, kuma da lambar ya rubuta rahoton mutuwar Klaudiya. Ya karanta takardar sau biyu, kunya ta hana shi ce wa malaminsa bai gane ba.

"Duk a cikin kore ne ko, Sa?"

"Wa ya zana taswirar, ni ko kai?"

Hyginus ya yi dariya ya sa hannu.

Saura masu tuƙi, domin su da sun ji sunan gadar za su sani. Malam Natana'el ya sami Badruddeen a bakin titi inda ya koma yin faci. Ya zauna a kan wata tsohuwar taya ya gaya masa komai, har da yatsan, har da Alhamis. Badruddeen bai daina goga roba ba sai da ya gama ji.

"To Baba, ashe kai ne ka sa na yi shekara biyu ina tafiya gida a ƙafa."

"Ni ne."

"Matata ta haihu, na kasa kai mata ko ruwan zafi a kan babur da nake tuƙawa. Na ɗauka wani Bature ne a wata ƙasa ya ja layin, wanda bai san mu ba. Ashe wanda nake gaisarwa sau uku a mako ne."

"Ban zo neman gafara ba."

"Da ma ban kawo ta ba." Ya tofa wa robar yawu ya duba ko tana huci. "Me kake so?"

"Ka gaya wa abokanka su bi takarda yadda aka rubuta. Oga ya sa hannu. Kada kowa ya fi Oga sani."

Badruddeen ya yi wata gajeriyar dariya. "Wannan ai ita ce dokar kamfani ta farko. Zan gaya musu. Amma ba don kai ba, Baba. Don Mama."

Asabar ɗin zagayen baƙi ta zo da rana mai kyau. Babura ashirin da huɗu aka wanke aka ɗaura musu ƙyalle. Hyginus ya umarci duk ma'aikatan ofis, har Firisila, su sa rigar kamfani su tafi otal su jira baƙi a bakin ƙofa, kowa ya kashe wayarsa kada ta yi ƙara a tsakiyar jawabi. Aka kulle ofis. Baƙin uku, cikin kwat, suka sa hular kwano, kowanne ya hau bayan mai tuƙi. Hyginus yana kan na gaba da lasifika a hannu, yana bayyana musu cewa a wannan minti ofis ya san bugun zuciyar kowane babur.

Malam Natana'el bai bi su ba. Tun ƙarfe tara yana kan gadar, zaune a kujerar roba da ya ara, da jaka a cinyarsa da agogo a hannu.

Sun gangaro da ƙarfe goma da minti ashirin. Na gaba ya hau gadar ya durƙusa. Na biyu ya kauce masa ya durƙusa a gefensa. Masu tuƙin ba wanda ya taka birki kafin layi, kowa ya shigo a hankali, cikin ladabi, ya kawo nasa ya ajiye, har gadar da gangarenta suka cika. Jiniya ashirin da huɗu suka tashi tare. Matan da ke wanki a ƙasa suka miƙe da kumfa a hannu. Masu shaguna suka fito. Kafin minti biyar Dilimi ta kewaye su, ba mai faɗa, kowa kallo yake yi, wasu suna ɗauka a waya.

Hyginus ya sauko yana murmushi wa baƙi, ya kira ofis. Wata murya da aka naɗa ta gaya masa kiransa yana da muhimmanci, ya dakata. Ya kira Firisila, a kashe. Ya kira akawu, a kashe. Ya juya ga mai tuƙinsa.

"Kai! Ba ka san nan ja ba ne?"

"Na sani, Oga."

"Me ya sa ba ka faɗa ba?"

"Ka sa hannu, Oga. Wanda ya yi gardama da takarda ana sallamarsa."

Wani daga cikin taron ya ɗaga murya: "Oga, a tura maka ne?" Wani ya amsa masa: "Ba ya turuwa, ƙafar a kulle take. Sai dai a goya shi." Aka kwashe da dariya.

A nan Hyginus ya hango malaminsa. Malam Natana'el ya ɗaga masa agogo.

"Minti bakwai, ɗana. Ita a minti na shida ta daina numfashi. Ci gaba da kira, wataƙila Oga ya fito daga taro."

Madam Adaku ta cire hular kwano ta toshe kunne ɗaya, ta tambaya wane ne wannan tsohon, me kuma ke faruwa. Ya miƙe ya gyara kwat. Da Turancin aji, a tsanake, yadda yake bayyana yadda ruwa ke cin dutse, ya gaya mata. Ya nuna mata inda babur ya tsaya ran sha ɗaya ga Yuli, ya nuna mata rufin asibiti da ake hangowa, ya faɗi yawan takun. Ya nuna Badruddeen da ke tsaye can gefe da hannu baƙi ƙirin, ya lissafa laifuffukansa uku. Mutumin masana'antar babura ya ce injinsu lafiyarsa ƙalau, a rubuta wannan. Mutumin na'ura ya ce na'urarsu ta bi layin da aka ba ta, a rubuta wannan ma. Dukansu sun yi gaskiya, kuma Malam Natana'el ya gaya musu haka.

"To wa ya ba ta layin?" in ji Madam Adaku.

Hyginus ya buɗe baki, fuskarsa ta ɗan saki, don a nan yake da abin faɗa. Tsohon ya riga shi. Ya zuge jaka ya fito da kwafi ɗari biyu na tsohuwar takardar, ya miƙa mata ɗaya, ya miƙa wa baƙin, sauran ya ba na kusa da shi ya ce a rarraba. Sannan ya juya ga taron ya faɗa da Hausa.

"Ni na zana. Natana'el, Anguwan Rukuba, gida mai koren ƙofa bayan famfo. Ga sunana a ƙasa. Shekara goma sha uku da suka wuce na shafa muku ja. Wannan yaron ya tsinci takardar a littafin uwarsa, bai taɓa zuwa ya dube ku ba, ya ɗura ta a cikin inji."

Dariyar ta mutu. Jiniya kawai ke yi. Mutane suka sunkuya a kan takardu, kowa yana neman gidansa da yatsa.

Wata dattijuwa mai tabarau da tef ɗin awo a wuya ta ratso taron. Ya gane ta kafin ta iso, ko da yake ta yi ƙiba, ta yi furfura. Taibat ta riƙe takardar nesa da ido ta duba, ta sa farce a kan kumburin.

"Baban Dina. Wannan shagona ne."

"Shi ne."

"Mai ya faru a shagona? Wa aka kashe a nan?"

"Ba kowa."

"Na aika masa saƙo sau nawa, ƙawata. Na ce ko na yi masa laifi ne. Har atamfa na ɗinka masa na Kirsimeti, yana nan a cikin akwati." Hausarta ba ta taɓa rarrabe mace da namiji ba, kuma Klaudiya ta yi shekara talatin tana tsokanarta a kan haka. Ta ninke takardar gida huɗu ta sa masa a aljihun kwat, ta danna da tafin hannu. "Riƙe kayanka."

Ta juya ta tafi. Bai sake ganin fuskarta ba.

Minti hamsin da biyu baburan suka yi a kan gadar kafin wani ya je otal a keke ya ɗauko Firisila da makullin ofis. Baƙin ba su jira ba, mutanen unguwa suka tare musu keke, wani mai shago ya ba su ruwan sanyi ya ƙi karɓar kuɗi. Hyginus ya tsaya shi kaɗai a tsakiyar baburansa da lasifika a rataye, waya a kunne. Malam Natana'el ya koma kujerarsa ya kalle shi har ƙarshe, bai ɗauke ido ba. Ya jira ya ji daɗi. Abin da ya ji bai wuce irin abin da mutum ke ji ba in ya gama gyara jarrabawar aji guda: an gama, kuma yawanci sun faɗi.

Babur dubu ba su zo ba. Kafin ƙarshen wata aka ɗauke Hyginus, aka kawo wani daga Legas. Sabon ya goge jan layin gaba ɗaya a mako na farko, ba don Klaudiya ba. Madam Adaku ta ƙirga shagunan da ta gani a ƙetaren gada, ta rubuta cewa an bar rabin kasuwa a banza. Aka mayar da Badruddeen aiki. Yanzu yana kwana da babur a ƙofar gidansa, kuma in ya wuce Malam Natana'el a titi yakan ɗaga hannu, amma ba ya tsayawa. A coci dattawa suka ce ya tona abin da aka rufe, matan zumunta suka daina kawo gwate. Daga Dilimi ba wanda ya zo neman gida mai koren ƙofa. Ya yi mako biyu yana barin ta a buɗe.

Ranar Alhamis yakan sa kwat ya taka har gadar, ya tsaya daidai inda Klaudiya ta ɗaga kai. Baburan Zirga suna wucewa ta gefensa da akwatunansu, ba mai durƙusawa. Ya faɗa wa baƙin kamfani, ya faɗa wa unguwa guda a tsakar rana, ya faɗa wa mutumin da ya goya ta. Ita kaɗai ce bai faɗa wa ba, ga shi kuwa a ranar tana jingine a ƙirjinsa, kunnenta dab da bakinsa, kuma maganar ba ta fi numfashi ɗaya ba: ana bi, Maman Dina, kullum ana bi, ni ne ban so ki tafi ba.